Neman kalma: yaya za mu ce "pandémie de grippe" a rediyo?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum ƴan uwa. An ba ni takarda da Faransanci in mai da ita Hausa, gobe bayan la'asar za mu naɗi shirin. Magana ce kan yadda gidaje da unguwanni za su kintsa kafin pandémie de grippe ta zo. Na rubuta "annobar mura", mai haɗa mana sauti ya ji ya fashe da dariya, wai mura ma har ta kai annoba? Ku agaza mini.

Malamar Jinya: Dariyar nan tasa ita ce matsalarka. A wurin mutanenmu mura abin hunturu ce, a sha citta da kanumfari a wuce kasuwa. Takardarka kuwa sabon nau'in ƙwayar cuta take nufi, wanda jikin mutane bai taɓa gamuwa da shi ba, shi ya sa yake bin ƙasa ƙasa. Ta 1918 an ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50. An sake yi a 1957 da 1968 da 2009. Ni a wurin aiki "mura mai zazzaɓi" nake cewa.

Mushen Bagalam: Hajiya, kin gyara grippe kin bar pandémie. Kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 annoba ce, sanƙarau na 2015 annoba ne, amma ba su game duniya ba. Ga tawa: GAMANNOBA. Gama da annoba, a haɗe. Gajeriya, mai daɗin faɗi, ɗalibaina har sun kama ta.

Ɗan Tibiri: Kahin a kai nan, wa ya ce annoba? Mu alloba munka taso munka iske ana hwaɗi. Annoba Hausar Kano ta, wadda kuke kwasowa daga rediyon waje. Mi ya hana a yi ma mutanen Maraɗi magana da bakinsu?

Ɗalibar Harshe: Baba, Allah ya huci zuciyarka, da alloba da annoba duk daga Larabci suka fito, al-waba. Babu wadda aka haifa a Gobir.

Ɗan Tibiri: To ai tamu ta hi kusa da asalin ke nan, tunda ba mu yar da lam ɗin ba. Na gode ɗiyata, kin kawo mini hujja.

Mushen Bagalam: A koma kan gamannoba don Allah. Har yaushe za mu zauna sai Kano ko Landan sun ƙirƙiro mu ara? Lokacin korona kowace tasha da nata, wannan ta ce sarƙewar numfashi, waccan ta ce mashaƙo, mu muna baki buɗe.

Ɗalibar Harshe: Mushe, ginin ne ya karkace. A gama-gari, garin ne ake gamewa. A taka kuwa annobar ce aka game, ko ma a ji kamar an gama da ita, ta ƙare. Mai sauraro a Gidan Rumji zai ce alhamdu lillahi.

Mushen Bagalam: Ku ƴan jami'a kullum sai rusawa. Ina taki?

Ɗalibar Harshe: "Annoba mai game duniya". Ba sabuwa ba ce, kowa ya san ruwan dare game duniya.

Malamar Jinya: Kuna ta jan wannan, ni wata kalma ce ke damuna. Mai shiri, in takardar ta ce préparation kada ka sa riga-kafi. Da ka faɗe ta, allura za a ji, a zauna jiran masu akwatin sanyi. Alhali sabuwar mura in ta ɓullo sai an yi watanni kafin a samar da allurarta. Ka ce tanadi: hatsi, sabulu, farasitamol, da sanin wa zai yi jinya in uwar gida ce ta kwanta. Mara lafiya a ware masa ɗaki, taga a buɗe, mutum ɗaya ke shiga. Kofinsa daban, kada ya sha da moɗar randa da kowa ke tsomawa. Yara kada a ba su asfirin. Kafso ɗin masu talla a faranti kuma ba ya kashe ƙwayar mura. Mai ciki, tsoho, ƙaramin yaro, ko wanda numfashi ya fara yi wa wuya, a kai shi asibiti ba jira.

Ɗan Tibiri: Ɗaki daban a gidan da mutum goma ke kwana ɗaki biyu? Kuma wa zai hana dangi zuwa gaisuwa?

Malamar Jinya: Ko zaure ne, ko rumfa a tsakar gida. Masu dubiya su tsaya daga ƙofa. Wannan sai liman da mai unguwa sun faɗa da bakinsu za a ji.

Mai Shirin Lafiya: Wata tambaya, in na ce sabuwar mura ba za a ɗauka murar tsuntsaye ba ce? Mutane ba su manta 2006 ba, da aka same ta a Magariya aka yi ta kashe kaji.

Malamar Jinya: Faɗa musu kai tsaye cewa wannan daga mutum zuwa mutum take bi, ta tari da atishawa.

Mai Shirin Lafiya: To ga inda na tsaya. Farkon shiri: "annobar sabuwar mura mai game duniya", daga nan sai "annobar" kawai. Tanadi ya shiga, riga-kafi ya fita. Baba, zan ce alloba sau ɗaya saboda kai.

Ɗan Tibiri: Sau ɗaya tak? Allah shi kyauta.

Mushen Bagalam: Kalma shida a inda ɗaya ta isa. Ku je da ita, tunda lokaci ya ƙure. Ni dai a ajina gamannoba ce, kuma zan sake kawo ta.