Cocinmu zai yi wa'azin fili a Aboabo, ni aka ɗora wa shiri: ku ba ni shawara

Salama gare ku 'yan zaure, Musulmi da Kirista. Ni Kirista ne. Iyayena daga Bawku a arewacin Ghana suka zo Kumasi, amma a nan unguwar Aboabo aka haife ni, da Hausa na buɗe baki. Matasan cocinmu sun shirya wa'azin fili na kwana uku kafin Kirsimeti: lasifika huɗu, janareta, majigi da dare, sai wa'azin asuba tun ƙarfe huɗu. An gayyato baƙon mai wa'azi, an ce yana jawo ayoyin Alƙur'ani a cikin wa'azinsa. Ni zan yi masa tafinta, ni kuma aka ce in nemo fili.

Filin da suke so yana bayan gidan da muke haya, taku kaɗan da masallacin maigidanmu. Shekara goma sha tara muna gidan Alhaji. Duk Layya sai ya aiko mana da nama a kwanon sha mai murfi, da hanta a sama domin mahaifiyata. Daren da ta faɗi a bakin famfo, shi ya fito da jallabiya ba ko takalmi, ya tada motarsa ya kai mu asibiti. Ina son bishara har cikin raina, ba na jin kunyarta. Amma kwana uku ke nan barci ya ƙi zuwa. In na ƙi, za a ce na ji tsoro. In na yi, da wane ido zan dubi Alhaji? Me kuke gani?

Wani matashi, Kirista, daga Old Tafo:
Ɗan'uwa, tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi. Masu wa'azi suna kasuwar Kejetia kullum, suna cikin turoturo, wato ƙananan motocin haya, ba wanda ya hana su. Mu ma kiran salla muke ji kowace asuba, ba mu taɓa kai ƙara ba. Ka karanta Romawa 1:16 ka yi ƙarfin hali. Ka dai kai wa 'yan sanda takarda, dokar taron jama'a ta 1994 ta ce a sanar da su kwana biyar kafin ranar.

Wata uwa, mai sayar da koko da ƙose a Asawase:
Ɗana, ni Musulma ce, kuma zan faɗa maka abin da ke ci mana rai. Waƙarku ba ta dame mu ba, maƙwabciyata 'yar zumuntar mata ce, har na iya wasu waƙoƙinsu. Abin da ba ma so shi ne a tara mana 'ya'ya da biskit da majigi bayan magariba, a ce su ɗaga hannu, a rubuta sunansu, uwa tana gida ba ta sani ba. Wanda zai yi magana da ɗana a kan addini, ya fara sallama da ni. Kuma ƙarfe huɗun nan ka cire ta. Kiran salla minti nawa ne? Wa'azin lasifika sai ya kai awa biyu, mutane na salla, jarirai na kuka.

Wani dattijon ikilisiya daga Asokore Mampong:
Ɗana, na fi shekara talatin ina fita bishara, don haka ka saurare ni. Abokinmu na Tafo bai yi ƙarya ba, doka ta ba ka dama. Sai dai takardar 'yan sanda ba za ta zauna da kai a tsakar gida ba bayan an naɗe tabarmi. Baƙo zai hau mota ya koma, kai za ka ci gaba da ɗiban ruwa a famfo ɗaya da mutanen nan. Kuma ka tuna kai ne tafinta. Duk abin da ya faɗa, daga bakinka zango zai ji shi, da muryarka.

Saboda haka ka zauna da fasto, ka nemi ganin baƙon tun kafin ranar. Ka ce masa ya faɗi abin da Yesu Almasihu ya yi masa, ya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda tun 1932 ake da shi cikakke da Hausa, ya bar littafin wasu da annabinsu. Mai ɗauko ayar Alƙur'ani a bainar jama'a don ya kayar da masu ita, faɗa yake nema, kuma ban taɓa ganin wanda ya tuba saboda an kunyata shi a gaban 'yan unguwarsu ba. Wasiƙar Bitrus ta fari, 3:15, ta ce mu ba da amsa ga mai tambaya, cikin tawali'u da ladabi. Mutanen da na gani sun zo ga Ubangiji, yawancinsu a bakin gadon asibiti muka fara magana, ko a shagon aiki, su suka yi tambaya da kansu.

Mu ne masu rinjaye a ƙasar nan, ƙidayar 2021 ta ce Kirista sun haura kashi 71, Musulmi kusan kashi 20. Zango ne wurin da Musulmi yake jin yana gidansa. Idan masu rinjaye suka shigo da lasifika huɗu ba sallama, ba zai ji wa'azin ba, ƙarar kawai zai ji.

Wani malamin makarantar allo daga Aboabo:
Na gode wa Baba dattijo. Mu ma Suratun Nahl, aya ta 125, ta umarce mu da kira cikin hikima da kyakkyawan wa'azi, kuma ba mu manta sarkin Habasha Kirista ne ya ba sahabbai mafaka ba. A Istar 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Ankara (Accra) da ƙafarsa. Ni dai ba zan so a yi taron a jikin masallaci ba, gaskiya ke nan. Amma ka ɗauki goro ka je wurin Alhaji kafin ya ji a bakin wani. Shi zai kai ku wurin liman da mai unguwa.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku. Jiya bayan isha'i na sami Alhaji a kan dakalinsa, na faɗa masa komai, murya na rawa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce bayan masallaci dai a'a, amma akwai filin ƙwallo can gaba da kwata, zai raka mu wurin mai unguwa ranar Asabar. Fasto ya yarda a soke wa'azin asuba, yara kuma sai da iyayensu. Maganar baƙo ce ba a gama ba, wasu matasanmu sun ji haushina. Na gaya musu in bai yarda da sharaɗin ba, su nemi wani tafinta. Gobe da yamma zan kira shi.