Boxer ɗina yana hayaƙi yana shan baƙin mai: a kwance inji ko in sayar?

Mai Shago: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Boxer 100 ne, shekara huɗu a hannuna, ba haya nake yi da shi ba, daga gida zuwa shago ne sai ƙauye jefi-jefi. Wata biyu ke nan yana fitar da shuɗin hayaƙi da safe, in ya yi zafi sai ya ragu. Baƙin mai kuma kafin sati uku ya sauka ƙasan sandar awo. Bakanike ya ce a kwance inji a canza ringi da fistan, wani kuma ya taya mashin ɗin. In gyara ne, ko in sayar in cika kuɗi in ɗauko sabo?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Sayar kawai Alhaji, ka ɗauki TVS. Mashin in ya fara hayaƙi ya gama yawo.

Tsohon Bakanike: Ƙanina, kar ka bari a taɓa bulok tukuna. Ka ce da safe yake yi, in ya yi zafi ya ragu. Wannan ya fi kama da robar bawul, ba ringi ba. Mashin yana ajiye cikin dare, baƙin mai na zirara ta jikin bawul yana taruwa a kan fistan, da ka tayar sai ya ƙone shi. Na ringi ba ya raguwa, duk sanda ka murɗa totur sai ya tuttulo, kuma ƙarfi na raguwa a hawa. Ka gwada abu uku. Ka cire fulogi: in bakinsa baƙi ne jiƙe da maiƙo, mai yake ƙonawa, in baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, kafireto ne ko soson iska ya toshe. Ka taka kik a hankali da hannu ko ƙafa, in ya tafi salalam babu turjiya, ringi ya mutu. Sannan ka duba ɗan tiyon numfashin inji yana aiki, in yana huci da hayaƙi sosai, shi ma ringi ne. In robar bawul ce, kan injin kawai za a ɗaga, roba biyu da gaskit, a goge bawul, a saita tazararsa a milimita 0.05. Aikin rabin yini.

Mai Lifan: Ka zuba baƙin mai mai kauri, hayaƙin zai ɗauke.

Tsohon Bakanike: Zai ɓoye dai. 20W50 shi ne nasa, kusan lita ɗaya, kuma ka auna mashin yana tsaye a kan babban jak. Wasu cika shi suke yi ya wuce alama, wannan kaɗai yana sa hayaƙi.

Baban Yara: Ni dai ina jin an ce kwance inji raina ke ɓaci. Maƙwabcina ɗan acaɓa ne a ƙauye, mashin na mai gida, balas yake kaiwa kullum. Ya kai canjin ringi, ya bar mashin ya tafi masallaci. Aka sa masa sabon ringi a tsohon bulok da ya riga ya ci, ba a kai borin ba, wato a faɗaɗa ramin bulok, ba a ko jefa ringin cikin bulok an ga faɗin bakinsa ba. Bakin ringin ukun kuma yaron shagon ya jera su layi ɗaya maimakon a rarraba su. Kwana tara hayaƙi ya dawo fiye da da. Ya koma, aka ce ai kwanrod ne, wato ƙarfen da ke riƙe fistan. Aka sake kwancewa, nan ma ya biya. Da wani ya buɗe daga baya sai ga ainihin kafireton kamfani babu, an musanya da ɗan gwangwani. Mai gida ya karɓe mashin, ya ce shi ya kashe. Mutum mai 'ya'ya biyar, yanzu lebura yake yi a wajen gini.

Mai Lifan: Innalillahi. Shi ya sa ba a barin mashin a tafi, ko salla ce ku yi tare da bakaniken.

Ɗan Fagge: Kun ga abin da nake faɗa? Ringi da fistan dubu talatin, borin, gaskit, kuɗin aiki, ka tasam ma sittin, kuma ba tabbas.

Mai Kayan Gyara: Talatin a ina? Dubu goma sha biyu akwai shi.

Tsohon Bakanike: Na sha biyun nan shi ya zaunar da maƙwabcin Baban Yara.

Mai Kayan Gyara: Kaya hawa-hawa ne Baba, mai saye ke zaɓa. Na kwalin Bajaj na gaskiya na ba da shi ashirin da biyu satin nan. In bulok ya ci, a sayi fistan mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50, a kai wa mai borin bulok ɗin tare da fistan ɗin, ya yanka daidai da shi. Kuskuren mutane su yi borin tukuna sannan su zo neman fistan. Bayan an ɗaura kuma kar a wuce gudun 50, ban da lodi, a yi juyen baƙin mai a kilomita 500.

Ɗan Fagge: Mai sayar da fistan zai ce a sayar da mashin ne? Hhhh.

Mai Kayan Gyara: Kai kuma dillali zai ce a gyara? Sabon Boxer ya haura miliyan, mai hayaƙi kuma kai da kanka za ka karya farashinsa, ka kashe dubu ashirin ka sayar da riba.

Baban Yara: Duk cikinku Tsohon Bakanike ne kaɗai ba abin da zai ci a nan.

Mai Lifan: Shi ma almajiransa ne ke musanya kafireto ai. Alhaji ka bar shi haka, maganin sauro kyauta kake raba wa unguwa.

Mai Shago: Na gode. Na cire fulogin, jiƙe yake da maiƙo, amma kik ɗin da ƙarfinsa. To robar bawul ɗin nawa ce?

Ɗan Ƙauye: Tambayar da ba wanda ya yi, wane baƙin mai kake juyewa? Yanzu ana tara tsohon mai daga gareji, a tace, a ɗura a galan mai hatimi. Ka ɗiga a yatsa ka murza, in ka ji ɓurɓushi ko ƙauri, mayar. Na awo a kwalba a bakin titi kuwa kar ka ma tsaya.

Tsohon Bakanike: Ga kuma masu zuba baƙin man mota, kuloci ya fara sulɓi su ce farantin kuloci ne. Ka nemi mai rubutun 4T da JASO MA a jiki. Soson iska ma a hunturu duk sati biyu a wanke da kalanzir, a matse, a shafa ɗan baƙin mai. Ƙura ce ke cin ringi.

Ɗan Ƙauye: Fetur fa? Tun da aka cire tallafi a 2023 na 'yan bumburutu sai ka sansana kafin a zuba. Wani da kalanzir, wani da ruwa a gindin kwalba, kwalbar ma an dagargaza ƙasanta ba ta cika lita.

Mai Lifan: Gidan man ma lita biyu ka saya, ka juye a gora ka gani.

Baban Yara: Wane ne zai yarda ya zuba maka a gora? Cewa za su yi an hana.