"Zanen aro ba ya rufe katara": ta dace da Tribunal na Morrowind?

Na Ƙofar Soro: Jama'a, ina son a auna mini karin maganar nan da labarin wasan Morrowind, wanda Bethesda ta fitar a 2002. Vivec da Almalexia da Sotha Sil, su ukun da ake kira Tribunal, mutane ne, mashawartan Nerevar, shugaban mutanensu. Bayan mutuwarsa suka ɗauki kayan aikin Kagrenac, babban maƙerin mutanen Dwemer, suka tatsi ƙarfi daga Zuciyar Lorkhan, wani mataccen abin bauta, jama'a ta koma bauta musu. Ƙarfin ba ya zama, sai sun riƙa komawa Jan Dutse, inda zuciyar take, suna sabunta shi. Da Dagoth Ur, babban abokin gabarsu, ya farka a shekara ta 882 ta zamani na biyu a ƙidayar wasan ya tare hanya, sai suka fara raguwa. A ganina zanen ne ya gaza.

Ɗan Kusugu: Malam, akwai gyara. Aro da yardar mai kaya ake yinsa. Su ukun sun yi wa Nerevar rantsuwa ba za su taɓa kayan ba, suka karya, shi ya sa Azura, abar bautar da Nerevar yake bi, ta mai da fatar mutanensu launin toka, idanu jajaye. Ƙabilun makiyaya na Ashlander ma cewa suke su suka kashe shi. "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya" ta fi zama daidai.

Hajiya 'Yar Gobarau: To wane ne mai kayan, ɗana? Lorkhan matacce ne, Kagrenac da mutanensa sun ɓace, Dagoth Ur kuwa daga zuciyar yake sha kamar su. Ba mai zuwa ya ce a ba shi abinsa. Ta zanen ba ruwanta da yadda aka samo shi, maganarta ita ce ba a jikinka aka auna ba, in ka ja nan can ya buɗe. Haka aka yi. Suka kafa katangar Ghostfence don tsare annoba, ita kuma tana cin ƙarfin da ya rage. A 417 ta zamani na uku aka ƙwace musu Sunder da Keening, biyu daga cikin kayan Kagrenac. Sai haikalin Tribunal ya koma rufe baki: rubuce-rubucen Apographa a ɓoye, dakarun Ordinator na kama malaman da suka ce ƙarfin daga zuciyar yake, sauran suka fake a gidan ibada na Holamayan, wanda ƙofarsa ba ta buɗewa sai asuba da magariba. Mai zanen kansa ba ya tsoron a kalle shi.

Ɗan Kusugu: Na karɓa, Hajiya, amma da saura. Dubban shekaru suka yi suna warkar da marasa lafiya, suna kare ƙasar. Zanen ya daɗe yana rufewa.

Hajiya 'Yar Gobarau: Ya daɗe, amma duba dutsen Baar Dau da Vivec ya tsayar a sama bisa birninsa. Bayan tafiyarsa ya faɗo a shekara ta 5 ta zamani na huɗu, ya hallaka birnin.

Bakatsine: Ni ɓangaren Nerevarine nake kallo, wato jarumin da kake wasa da shi, wanda annabcin Azura ya ce Nerevar ne ya dawo, har na so in ce "zakaran da Allah ya nufa da cara".

Na Ƙofar Soro: A'a ɗan'uwa, kada mu sa sunan Allah a ƙagaggen labarin Azura. Ko a ma'ana ma ba ta hau ba, don annabcin bai wadatar ba. Sai gidaje uku, Hlaalu da Redoran da Telvanni, sun naɗa ka Hortator, wato jagoran yaƙi, ƙabilu huɗu kuma sun amince da kai: Urshilaku, Ahemmusa, Erabenimsun da Zainab. Waɗanda suka yi iƙirarin kafin kai suka kasa, fatalwowinsu na cikin kogon da kake karɓo zoben Wata-da-Tauraro.

Bakatsine: Gaskiya ne. Kuma shi ma da kayan wani yake gamawa. Vivec ke ba ka safar hannu ta Wraithguard, ka ɗauko Keening a Odrosal, Sunder a Vemynal. Ka bugi zuciyar sau ɗaya da Sunder, sannan sau biyar da Keening. Wanda ya riƙe su ba safar, su za su kashe shi. Bambancinsa da su ukun, shi ya yi aikin ya yanke ƙarfin, bai ɗaura wa kansa ba, don haka ba zan jefe shi da karin maganar ba.