Me ke jan mutane ga kiɗan downtempo, alhali ba na rawa ba ne kuma waƙa ba ta da yawa a ciki?

Ɗalibar Yamai:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar kiɗan na'ura. Yayana yana yawan sa wani kiɗa mai sanyi da dare idan yana aikin zane a kwamfuta, ya ce sunansa downtempo, kuma wai ya haɗa jaz da fank da wani salo da ake kira ambiyent. Na saurara, na ji ganga tana tafiya a hankali, piyano yana shiga yana fita, amma sau da yawa babu mai waƙa, ga shi abu ɗaya ake ta maimaitawa. Duk da haka na kasa cewa a kashe. Daga ina wannan kiɗa ya fito, kuma mene ne sirrinsa?

Mai haɗa sauti, Yantala:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu na farko shi ne sauri. Kiɗan da ake rawa da shi a gidajen rawa na Turai yakan kai bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya, shi kuwa downtempo yakan tsaya wajen bugu 90 ko ƙasa da haka, saboda haka kai yana gyaɗawa amma ƙafa ba ta tilasta miki tashi. Ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, lokacin da gidajen rawa na Ingila suka fara keɓe ɗaki na hutawa inda wanda ya gaji zai zauna ya ji abu mai taushi. A garin Biristol na Ingila ƙungiyar Massive Attack ta fitar da faifanta na farko a 1991, a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen kuma mai sa fayafai José Padilla ya riƙa sa irin wannan kiɗa a wani wurin shaƙatawa mai suna Café del Mar daidai faɗuwar rana, kuma daga 1994 aka fara fitar da zaɓaɓɓun kiɗe-kiɗen wurin a faifai.

Kowane ɗaya cikin salo ukun nan da kika ambata yana da aikinsa. Fank ne ya ba da ganga da gitar bas, domin masu haɗa sauti sukan yanko ɗan guntun bugun ganga daga tsohon faifai, irin na makaɗan James Brown, su rage masa sauri, su sa shi yana zagayawa. Jaz ya ba da piyanon lantarki na Rhodes da saksofon, da kuma haɗin sautuka wanda ba ya saurin komawa gida, sai ya bar kunne yana jiran abin da zai biyo baya. Ambiyent, wanda makaɗin Ingila Brian Eno ya raɗa wa suna a 1978, shi ne dogon sautin nan da ke shimfiɗe a baya, wanda ba ki lura da shi sai an cire shi. A ganina sirrin yana cikin filin da aka bari babu komai. Idan kika saurara da abin sa wa kunne, za ki ji an janye bas na ɗan lokaci, ganga ta rage ita kaɗai tare da ƙarar tsohon faifai, sannan bas ɗin ya dawo, kuma wannan dawowar ce take sa mutum ya sauke ajiyar zuciya.

Tsohon malamin makaranta, Tawa:

Ƴata, bayanin da aka yi miki daidai ne, sai dai ina so in ƙara cewa kunnenmu bai baƙunci wannan tsari ba. Mai gurmi ko mai molo yakan riƙe zagaye ɗaya na tsawon lokaci, yana canza ɗan abu kaɗan, kuma ba mu taɓa cewa ya gundure mu ba. Mu da muka girma da rediyo da talabijin na ƙasa mun sha jin kiɗan Mamman Sani tsakanin shiri da shiri, wanda yake bugawa a kan organ na lantarki, a hankali, babu waƙa, kuma da yawa daga cikin karin na gargajiyarmu ne. Ya naɗi faifansa a 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, sai ga matasan Turai da Amurka suna yabonsa. Ban ce shi ne downtempo ba, domin ba ya yanko sauti daga fayafai, amma natsuwar iri ɗaya ce.

Hajiya mai shagon ɗinki, Boukoki:

Ni kam ina da ja, Malam, tare da girmamawa. Mafi yawan abin da ake zubawa a intanet da wannan suna kiɗan zauren otel ne kawai, wanda aka yi domin kada a ji shiru, kuma idan an sa guda goma a jere ba za ka iya bambanta na farko da na ƙarshe ba. Saboda kwamfuta ta sauƙaƙa aikin, kowa yana iya ɗora piyano a kan ganga ya ce ya yi jaz. Wanda nake yarda da shi shi ne inda ake jin hannun mutum, kamar aikin St Germain na Faransa, wanda ya fitar da faifan Tourist a 2000 tare da makaɗa na gaske masu busa da masu piyano, sannan a 2015 ya yi wani faifan da makaɗan Mali masu kora da ngoni, wato kayan kiɗansu na tsirkiya. A shagona shi nake sawa da rana, domin ba ya hana ni jin abin da mai kawo ɗinki take faɗa game da awonta.

Mai haɗa sauti, Yantala:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma akwai hanyar gwaji mai sauƙi. Ƙanwata, ki saurari minti na farko, sannan ki tsallaka zuwa na huɗu. Idan babu abin da ya ƙaru ko ya ragu, to wanda ya haɗa shi bai yi aiki ba. Ki fara da Kruder da Dorfmeister na Ostiriya, da Thievery Corporation na Amurka, da Bonobo na Ingila, sannan ki nemi Hama, ɗan Yamai ɗin nan mai buga kibod. Kada dai ki saurara da lasifikar waya, domin ba ta fitar da bas, kuma rabin kiɗan yana can.