Abin da aka tattauna kan kiwon ƙananan macizan boa a Kano

Na tattara maganganun kamar haka:

1. Kowa ya yarda boa ba ta da dafi, amma tana cizo. 'Yan ƙananan, irin na tsibirin Hog a Honduras, sukan kai ƙafa 5 zuwa 6, kuma suna iya wuce shekara 20.

2. Hunturu ne babbar matsala. Iska ta bushe, sai saɓar maciji ta maƙale, har a kan ido. A ajiye kwanon ruwa babba, a riƙa yayyafa ruwa a cikin akwatin macijin. A zafin Afrilu kuwa, kada a bar shi ƙarƙashin rufin kwano.

3. Ciyar da maciji da ɓeran gida ko na kasuwa, a'a: akwai guba, ga zazzaɓin Lassa. Nan kam ina tare da su.

An rabu kan ajiye maciji a gidan haya. Wasu sun ce murfi mai kwaɗo ya wadatar, wasu sun ce sai maƙwabta sun amince, musamman inda akwai yara.