Tambayar kafinta: yaya jiragen katakon 'yan fashin teku suke wata da watanni a ruwa ba su nutse ba?

Kafintan Sabon Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni kafinta ne, shagona yana nan Sabon Gari ta wajen 'yan katako, bana shekarata 22 da riƙe zarto. Yarona na biyu, ɗan aji biyar, an ce musu kowa ya kawo aikin hannu kafin hutu. Shi kuwa ya kafe sai jirgin ruwa irin na 'yan fashin teku, mai filafilai da baƙar tuta, wai ya gani a wayar yayansa. Ban so in fafe guntun itace kamar akushi in ce masa ga jirgi ba, na fi son ya ga yadda ake haɗa katako. Na fere ƙashin baya da guntun maɗaci, na kafa haƙarƙari, na bi da siraran katako na rufe, tsawonsa kamu ɗaya da rabi. Muka sa shi a bahon wanki bayan azahar. Kafin a kira la'asar ya sha ruwa ya zauna a ƙasa.

Tun ranar abin yake cina a rai. Na san halin katako. Ƙofar da na kafa wa wani a Tudun Jukun, damina ɗaya ta kumbura sai da na koma na kankare ta. To jirgin da ya ɗauki mutum ɗari da igwogi da gangunan ruwa, yana cikin ruwan gishiri dare da rana, me ya hana shi ɗiga, me ya hana shi ruɓewa? Su 'yan fashin ne suke ƙera abinsu, ko suna da kafintoci? Sannan wani abokin ciniki ya ce mini wasunsu har takardar izini suke da ita daga sarki. Gaskiya ne? Don Allah masu sani a taimaka, ina so in ba yaron amsa ta gaskiya.

Baba na Tudun Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikata ce take buga mini wannan, ni ina faɗa.

Kumburin da ya ɓata maka ƙofa shi ne yake riƙe jirgi. Na yi shekaru ina aiki a Lakwaja, kuma duk yamma nakan zauna wajen masu gyaran jirage a bakin ruwa. Sabon jirgi ba a ɗora masa kaya ranar da aka gama shi. Sai an bar shi a ruwa ya sha, katakon ya kumbura, kowane ya matse ɗan uwansa. Kafin nan kuwa an bi kowace tsaga an cusa tsumma da auduga da bakin ƙarfe, ana bugawa da guduma har ta ƙi shiga, sannan a narka kwalta a shafe. Naka ya nutse ne don ka haɗa katako da katako ba ka dura komai a tsakani ba.

Turawan wancan zamani ma haka suke yi, sai dai nasu ya fi girma. Tsohuwar igiya suke warwarewa ta zama kamar zare, su jiƙa ta da baƙin ƙaro da ake tatsowa daga itace, su dura a tsakanin katako, su zuba narkakken ƙaron a kai. Jikin jirgin da itacen oak ake yi, mai tauri kamar ƙiryarmu, doguwar sandar filafilai kuma da itace mara nauyi mai miƙewa. Wani abin da zai burge ka a matsayinka na kafinta: galibin haɗin ba da ƙusar ƙarfe ba ne. Huda suke yi su buga turken katako, domin ƙarfe yana tsatsa a ruwan gishiri ya ci itacen da ke kewaye da shi, turke kuwa kumbura yake ya ƙara kamawa.

Duk da haka kada ka ɗauka ba ya ɗiga. Babu jirgin katakon da ba ya ɗiga. Akwai famfo a cikinsa, kullum ana jan ruwa daga can ƙasa ana zubarwa. Kuma teku tana da tata garar, wata doguwar tsutsa da take huda katako ta ciki, ka gan shi lafiya lau a waje, ciki kuwa kamar saƙar zuma. A ruwa mai ɗumi ta fi ɓarna. Shi ya sa bayan 'yan watanni dole a nemi gaɓa mai yashi, a sauke igwogi da kaya, a ɗaura igiya a kwantar da jirgin a gefe ɗaya, a kankare gansakuka da ƙananan katantanwa, a ƙona, a canza katakon da ya lalace, a shafe, sannan a juya ɗaya gefen. Allah ya yi wa yaron albarka.

Malamin Tarihi daga Kongo ya rubuta:

Baba ya gama magana a kan katako, Allah ya ƙara girma. Zan ɗora abu ɗaya kawai: wannan kwantar da jirgin shi ne lokacin da 'yan fashi suka fi tsoro, domin ba su da tashar da za su shiga a yi musu gyara a fili. A 1723 haka aka rutsa George Lowther a wani tsibiri kusa da Benezuwela, jirginsa na kwance, igwoginsa na kan yashi. Lulluɓe gindin jirgi da fallen tagulla, wanda ya magance tsutsar, sai a 1761 sojan ruwan Ingila suka fara gwada shi, lokacin an riga an gama da waɗannan mutane.

Malam kafinta, ba su ƙera jirgi. Ƙwacewa suke yi, su gyara shi ya dace da aikinsu: su rushe ɗakunan ciki don a sami fili, su huda gefe su ƙara igwogi. Saboda haka idan suka kama jirgi, kafinta da likita suke fara nema, ko yana so ko ba ya so sai ya bi su. Da kana wancan zamani, kai ne ba za su saki ba.

Kuma akasarinsu ba manyan jirage irin na hoto suke hawa ba. Ƙarami ne mai sanda ɗaya, mai gudu, wanda gindinsa bai nitsa sosai ba, yana iya shiga ruwa mara zurfi inda jirgin yaƙi zai kafe. Manyan kaɗan ne, kuma a nan labarin ya iso gaɓarmu, domin sanannu daga cikinsu jiragen bayi ne.

Jirgin Edward Teach, wanda ake wa laƙabi da Baƙin Gemu, asalinsa na Faransa ne, sunansa La Concorde, daga birnin Nant. Ya ɗebo mutane sama da 500 daga Wida, a Jamhuriyar Benin ta yanzu, aka ƙwace shi a Nuwamba 1717 kusa da tsibirin Matinik. Teach ya sake masa suna Queen Anne's Revenge, ya ɗora masa igwa wajen 40. Bai shekara da shi ba ya kafe a yashi a gaɓar Karolina ta Arewa a 1718, aka gano ragowar jirgin a ƙarƙashin ruwa a 1996.

Na Samuel Bellamy kuwa sunan garin Wida ɗin ma aka sa masa, Whydah. Ya sauke bayi a Jamaika yana hanyar komawa Ingila aka kama shi a Fabrairu 1717. Ranar 26 ga Afrilu na shekarar guguwa ta farfasa shi a gaɓar Amurka, cikin mutum 146 biyu suka tsira. Da aka gano shi a 1984, cikin abin da aka tsamo daga baya har da ƙararrawarsa mai ɗauke da sunansa da shekarar 1716, da kayan adon zinariya ƙirar mutanen Akan na Gana.

Dalilin da suke son jirgin bayi a fili yake. An ƙera shi ya yi gudu, domin kowace rana a teku mutane suna mutuwa a cikinsa, mai jirgi yana asara. Yana da faɗin ciki, da manyan tukwane, da gangunan ruwa na ɗaruruwan mutane. Duk abin da ɗan fashi yake bukata ke nan.

Maman Biyu, Samaru ta rubuta:

Malam ya taɓo inda nake so in yi magana. Ɗan uwa, maganar takarda gaskiya ce. Idan ƙasa biyu suna yaƙi, sarki yakan ba mai jirgi takardar izini ya kama jiragen abokan gaba, a kai kotu ta tabbatar, a raba ganima da hukuma. Mai takarda in an kama shi fursunan yaƙi ne, mara takarda igiya ce. Jirgin ɗaya ne, igwar ɗaya ce, wanda aka tare a teku bai ga bambanci ba.

Francis Drake ya zagaya duniya da jirginsa Golden Hind daga 1577 zuwa 1580 yana kwashe azurfar Sifaniyawa. Su suna kiransa ɓarawo, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya kuwa ta ba shi sarauta a kan jirgin nan nasa a 1581. William Kidd ya fita da takardar Sarki William na Uku wai zai kama 'yan fashi, da jirgi mai igwa 34, Adventure Galley. Jirgin ya yi ta ɗiga har ya yar da shi a Madagaska, shi kuma aka rataye shi a Landan a 1701 da laifin fashin. Da ƙasashen Turai da suke yaƙi da juna suka yi sulhu a 1713, dubban masu wannan aiki suka rasa abin yi, ga jirgi sun iya, ga bindiga sun saba, sai da yawa suka ci gaba ba takarda. Mu da muke Arewa a yau ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da yake faruwa idan aka ba mutum makami sannan aka manta da shi ba. Sai a 1856, a birnin Faris, manyan ƙasashen Turai suka yarda su daina ba da wannan takarda.

Amma abin da nake roƙo, tunda yaro za a ba labari, kada a tsaya a tuta da igwa. A 1695 Henry Every ya tare Ganj-i-Sawai, babban jirgin Sarki Aurangzeb na Indiya, yana komawa Surat da alhazai. Kwana da kwanaki suna azabtar da maza don su nuna inda dukiya take, abin da suka yi wa mata kuwa ba zan rubuta a nan ba. Ba a taɓa kama shi ba. Duk lokacin da na ga maniyyata suna taruwa da jakunkunansu sai in tuna da waɗannan bayin Allah.

Na biyun ya fi kusa da mu. Bartholomew Roberts, wanda ya kama jirage kusan 400, shi ma a jirgin bayi ya fara, kuma har Kalaba ya shiga a 1721. A Janairu 1722 ya tarar da jirage 11 a Wida, ya ce kowa ya fanshi nasa da zinariya. Mai jirgin Porcupine ya ƙi. Suka cinna masa wuta da mutum wajen 80 a ciki, ɗaure bibbiyu da sarƙa. Wata mai zuwa jirgin yaƙin Ingila ya kashe Roberts a gaɓar Gabon, aka rataye mutanensa 52 a Kef Kos ta Gana. Baƙaƙen da aka samu a jiragensa ko shari'a ba a yi musu ba, sayar da su aka yi.

Ban ce kada a yi wa yaro jirginsa ba. A yi masa mai kyau, a gaya masa waɗanda suke can ƙasa.

Ɗalibi, Ƙofar Doka ya rubuta:

Anti, Allah ya saka. Amma a yi adalci, ba Turawa kaɗai ba ne. Aljiyas da Tunis da Tarabulus duk sun yi wannan sana'a da izinin masu mulkinsu. Khairuddin Barbarossa daga wannan sana'a ya taso har ya zama shugaban sojan ruwan Daular Usmaniyya, ya rasu a 1546. Nasu jiragen dogaye ne sirara, ana tuƙa su da matuƙai jere a gefe biyu ko babu iska, kuma kamammu ne ɗaure a kan benci suke tuƙin. Sun kama mutane daga gaɓar Italiya da Sifen sun sayar.

Maman Biyu, Samaru ta rubuta:

Haka ne ƙanena, ban ware kowa ba. Mu ma nan ƙasar Zazzau an kai hari an kamo mutane, kakanninmu sun san da haka. A gaya wa yara duka.

Kafintan Sabon Gari ya rubuta:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Baba, na bi maganarku. Na zare ƙusoshin, na huda da ƙaramin mahuji, na fere tsinken maɗaci na buga a madadinsu. Na samo auduga wajen mai katifa na maƙwabta, na murza ta kamar lagwani, na bi kowace tsaga da bakin wuƙa, sannan na narka kwalta a gwangwanin madara na shafe. Daren jiya ya kwana a baho. Da asuba na duba, ruwan da ya shiga bai cika cokali biyu ba, yaron ya tsane shi da soso yana cewa shi ne mai famfo.

Hajiya, na karanta masa naki daga farko har ƙarshe. Ya yi shiru, can ya tambaye ni ko akwai yara a cikin wanda aka ƙona. Yanzu ya ce kada in rufe saman jirgin gaba ɗaya, in bar murfi da za a ɗaga a ga ciki, zai yi mutane da laka ya jera. Baƙar tutar ma ya ce a dakata tukuna.

Saura filafilai. Ina da ragowar farin yadi, amma Malam, wannan ƙaramin mai sanda ɗaya da ka ambata, filafilinsa a tsaye yake ta tsawon jirgin ko a gicciye? Ranar Alhamis za su kai makaranta.