"Ramin mugunta" daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi ko na kakanninmu ne?

Talatu_Wusasa:
Salama jama'a. Don Allah ina da tambaya. Ranar Lahadi mai wa'azi ya karanta Karin Magana 26:27, inda aka ce wanda ya haƙa rami shi zai faɗa ciki, sai na ji kakata a gefena ta yi ƙasa da murya ta ce "in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere." Da muka koma gida muna tsinke zogale na tambaye ta, ta ce ita tun tana yarinya a ƙauye take jin maganar, kuma lokacin ko ƙofar majami'a ba ta taɓa takawa ba. To wa ya ara a wajen wa ke nan? Haka ma "abin da ka shuka shi za ka girba", ga shi nan a Galatiyawa 6:7.

Baba Malam (Tudun Wada):
'Yata, kakarki ta fi ki gaskiya. Ki lissafa da kanki, Likita Mila na ƙungiyar mishan ta CMS a 1905 ya zauna a birnin Zariya, a 1929 mishan ta koma Wusasa, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa sai 1932 ya fito. To a 1905 ɗin nan wani Bature soja, Merrick, har ya buga tarin karin maganar da ya ji a bakin Hausawa. Ashe kafin littafin ya zo bakin mutane cike yake.

Ni a ganina masu fassara su suka ci bashi. Almajiran Yesu, ina suka samo kalmar almajiri in ba a makarantar allo ba? Bishara, alheri, Almasihu, duk sun tarar da su a ƙasa. Ko sunan littafin ma, a tsohon juyi da muka taso da shi Misalai ake cewa, daga baya aka mai da shi Karin Magana, ni har yau bakina Misalai yake kamawa.

Kuma ki sake sauraron na kakarki da kyau. Sulemanu a Karin Magana ya faɗi hukunci ne kurum, za ka faɗa. Bahaushe kuwa shawara yake ba mugu da dariya a ciki, wato tunda ka nace sai ka gina to kar ka zurfafa, wataƙila kai ne za ka kwana a ciki. Wannan baƙar maganar tamu ce, ba a kawo ta a jirgi ba.

Bulus Samaru:
Baba na yarda amma ba duka ba fa. "Gishirin duniya" da "ɗa ɓatacce" ai daga Linjila suke kai tsaye, shi ɗan nan da ya dawo gida ubansa ya yanka masa maraƙi, mamana in ƙanena ya dawo gida bayan ya cinye kuɗin makaranta cewa take ga ɓataccen ɗa ya dawo amma ba a yanka maraƙi ba yau tuwo da kuka ne, maƙwabtanmu Musulmi dariya suke amma sai an ba su labarin kafin su gane.

Abu Hafsat:
Ni Musulmi ne daga cikin birni, ku yi haƙuri na tsoma baki. Haƙurin Annabi Ayuba mu ma da shi aka rene mu, to kun ga akwai waɗanda ta hanyar malamai suka shigo tun kafin mishan. Kuma "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani", wani abokin aikina ya ce kuna da irinsa.

Talatu_Wusasa:
Malam ai ba tsoma baki ba ne, sannu da zuwa. E, Matiyu 7:3 ne, mai ganin ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume na cikin nasa. Yaya Bulus ka gai da Mama, na kusa ƙwarewa da shayi. Baba na gode, na karanta wa kaka amsarku, ta ce a tambaye ku ko ɗan wane gida ne ku a Tudun Wada.